Talatar da Ba Mu Je Ba

Kwana ashirin da shida da haihuwa

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau da kyau, ina gaida Inna. Yaya gwiwar nan taka, tana barinka ka hau matakalar shago? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Na san direban da ke kai mana saƙo ya riga ya fesa maka labari, amma shi in ya ɗauko magana sai ya yi mata lodi fiye da motarsa, don haka ga ta daga bakina. Tagwaye ne, mata, kuma bakwaini. Likita ya ce sati ashirin da tara suka yi a ciki. Babbar kilo ɗaya da ɗan ɗori, ƙaramar ko kilo ɗayan ba ta cika ba. Ranar da aka nuna min su a cikin kwalba, wayoyi ne ta ko'ina a jikinsu. Ni da nake yanka wa mace ɗaya yadi shida, yau safar ƙafa nake yankewa ina ɗinka hula. Nas-nas ɗin ɗakin sun laƙaba musu suna, babbar Mai Ihu, ƙaramar Mai Barci, kuma wallahi ba su yi musu ƙarya ba.

Jiya aka sallami Mai Ihu. Tana kama nono, nauyinta yana hawa, kuma suna buƙatar gadon. Yanzu haka tana ɗaure a ƙirjina, fata da fata, kamar yadda suka koya min, ta saman kanta nake rubuta takardar nan. Mai Barci tana can, har yanzu da robar iska a hanci. Kullum da rana nake barin babbar wurin surukata in kai wa ƙaramar nonon da na tatsa.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Da za mu fito, babbar nas ta ba ni wani kati rawaya, ta ce Talata mai zuwa, ƙarfe tara, in dawo da Mai Ihu gwajin ido. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin ranar. Ta ce duk bakwaini irinsu sai an duba idonsu in sun cika wata ɗaya, likitan ido kuma Talata kaɗai yake shigowa ɗakin.

Kawu, na ga yadda ake gwajin nan, a kan ɗan wata mata. Sai a ɗiga magani, a jira, sannan a sa wani ɗan ƙarfe a buɗe fatar idon da ƙarfi, likita ya ɗaura fitila a goshi ya dallara masa. Yaron ya yi kukan da har yau yana kunnena, uwar tana waje ta toshe nata kunnen. Ga shi mota biyu ake shiga kafin a kai asibitin, ga layin masu tari a baranda. Yarinyar da aka ce ko mai mura kada in bari ya leƙa ta, ita zan ɗauka in kutsa cikin wannan taron?

Baban yara ya ce tunda an rubuta, a je. Shi mai walda, ko rubuta masa aka yi ya sa hannu a wuta zai sa. Na ce masa a danginmu akwai mai aikin ido, ba za a taɓa idon 'yata ba sai na ji daga bakinsa. Ba kai ne ka gano ni ba, ina 'yar shekara tara, malamai sun gama yanke cewa daƙiƙiya ce ni? Ka tsayar da ni gaban allon haruffan shagonka, ka ɗora min gilashi, na leƙa waje na ga ashe ganyen bishiya ɗai-ɗai yake. Talatar nan dai ba za mu je ba, zan ce ban ji daɗi ba, har amsarka ta iso.

'Yarka,
Ido Huɗu

* * *

Asabar, bayan na rufe shago

Ido Huɗu 'yata,

Wa alaikumus salam. Barka, barka, Allah ya raya su, ya ba ki lafiyar shayarwa. Innarki ta yi kuka, ta yi dariya, ta sake yin kuka. Gwiwa tana nan, mun saba da juna.

Takardarki ta same ni ina goge gilashin wani tsohon malami. Na ajiye shi na karanta sau biyu, na yi dariya har sai da mai shagon kusa ya leƙo. Gwajin ido! Ga jaririyar da ba ta ma san ta zo duniya ba? Shekara talatin da ɗaya ina wannan sana'a, kuma duk inda na san ana gwada ido, mai idon ne yake faɗin abin da ya gani. Mafi ƙanƙanta da na taɓa gwadawa ɗan shekara huɗu ne, shi ma na nuna masa hoton kaza ya ce min jirgi ne. To wane harafi Mai Ihu za ta karanta musu, na sama ko na ƙasa?

Ki ji ni da kyau. Mutanen asibiti suna da takardun da dole su cike, kowa zai fita sai an liƙa masa kati. Ban ce mugaye ba ne, amma ba duk layin da nas ta ja ne ya zama hukunci ba. Abin da ke kwashe bakwaini sanyi ne da tari, wannan ko innarki ta sani. Ki riƙe 'yarki a ɗaki, a ƙirjinki.

In hankalinki bai kwanta ba, ga ƙaramar tocilata na saka miki a ambulan, wadda nake duba tsofaffi da ita. Kowace safiya ki haska mata daga gefe. In ta runtse, baƙin idon ya tsuke, babu fari a tsakiya, babu kwantsa, babu ja, to ido ƙalau yake, ki rubuta ki ajiye ni na faɗa. In sun yi wata shida zan zo da akwatina in duba su da hannuna, ba da ƙarfe ba.

Ki gaida mai walda. Ki ce masa mutumin da sau uku ina aika masa baƙin gilashi yana ajiyewa a aljihu, ba shi da bakin magana a kan ido.

Kawunki

* * *

Kwana hamsin da uku da haihuwa

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Inna, da shago. Ka yafe min shirun da na yi, mai jarirai a wuri biyu ba ta samun hannun riƙe biro. Mai Ihu ta haura kilo biyu, har wuya ya fara ninkewa.

Tocilarka ba ta huta ba ko kwana ɗaya. Ina haska mata take runtsewa ta haɗe rai, sak surukata in an taɓa mata buta. Baƙin ido baƙi wuluk, ba fari, ba kwantsa. Takardarka kuwa a gaban baban yara na karanta, har wurin baƙin gilashin, bai sake tada maganar ba. Katin nan na ninke shi huɗu na tokare ƙafar keken ɗinkina da ke rawa, ya zauna daram kamar don haka aka buga shi. Babbar nas tana tambayata duk na je. Na ce mura, na ce ruwan sama, na ce surukata ta hana. Yanzu ranar Talata sai na daidaici likitan ya tafi nake shiga.

Amma jiya ya jira ni, har ya sa an kira babansu. Sau huɗu ke nan suna buɗe idon Mai Barci da ƙarfen nan, tunda tana hannunsu ba ni da ta cewa. Ya zaunar da mu ya ce ciwo ya kama idonta duka biyu, wai jijiyoyi ne suke tsirowa ba bisa hanya ba can ciki, kuma sai an ƙona wurin da wani haske, wai shi leza, cikin kwana uku. Ƙonawa, Kawu! Idon yarinyar da har yau ba ta kai kilo biyu ba!

Ban san lokacin da na zaro tocilarka daga jaka ba. Dama kullum na je ina haska mata a ɓoye, ko shekaranjiya baƙin ya tsuke yadda ka ce. Na je kan kwalbar na haska mata a gabansa. Ta runtse, ba fari, ba ja, daidai da 'yar'uwarta. Na ce, "Likita, ga ido nan ƙalau, me za ku ƙona?" Ya dubi tocilar, ya dube ni, ya ce, "Wa ya koya miki wannan?" Na mayar da ita jaka, ba zan ba shi sunanka ya taka ba. Ya ce, "Ina ɗayar? Gobe da safe ki kawo min ita. Ko ba Talata ba zan zo saboda ita." Na ce to.

Ban kai ta ba. Ni dai abin da na gani shi ne, wadda ake dallara wa fitila duk sati ita ce idonta ya lalace, wadda na ɓoye tana nan garau. Baban yara ya sa hannu a takardar ba da yawuna ba, gobe za a yi wa Mai Barci. Yau da safe ya miƙo hannu zai kwance Mai Ihu daga ƙirjina, wai shi zai kai ta. Na ce sai dai ya yanka ni tukuna. Uwarsa ma ta goyi bayana, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na shigo gidan nan. Ya ɗauki hularsa ya fita, ko karyawa bai yi ba.

Ka rubuto min da gaggawa, ka faɗa min abin da leza take yi wa ido, da ko akwai maganin da zan ɗiga wa Mai Barci bayan sun gama. Ɗaya dai sun samu. Ta biyun, albarkacinka, ba za su samu ba.

'Yarka,
Ido Huɗu

* * *

Lahadi

'Yata,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu lau. Ki ajiye duk abin da ke hannunki, ki ɗauki Mai Ihu ki kai ta wurin likitan nan yau, ba gobe ba, kada ki jira Talata. Sauran takardar ki karanta a mota.

Ni ne na yi kuskure. Da na zo wurin da kika ce Mai Barci ma tana runtse wa tocila, alhali likita ya ga ciwo, sai na gane tocilar ba ta ganin komai. Jiya na rufe shago da rana tsaka, abin da ban yi ba ko ranar da aka yi gobara a layinmu, na tafi wurin likitar ido da take turo min masu takardar gilashi. Na je ne don ta tabbatar min cewa na can ɗin bai san aikinsa ba. Ta ce, "Sati nawa aka haife su?" Na faɗa. "Yau kwanansu nawa?" Na faɗa. "Ita ta gidan sau nawa aka duba ta?" Na ce ko sau ɗaya. Ta cire tabarau ɗinta, wanda ni na yanka mata gilashinsa, ta ce, "Wane mara imani ne ya hana?" Na ce ga shi zaune a gabanki.

Ga abin da ta koya min, ni mai shekara talatin da ɗaya. Can bayan ido akwai wani tantani, shi ne yake ɗaukar hoton abin da muke gani. Jijiyoyin jininsa ba sa gama shimfiɗuwa sai ciki ya kusa cika wata tara. Bakwaini yana fitowa aikin bai ƙare ba, wani lokaci sai jijiyoyin su ɓata hanya, su yi ta ja har tantanin ya tattare ya ɓalle, kamar yadda zare mai tsauri yake tattare miki yadi. Daga waje ba a ganin komai. Ba ja, ba kwantsa, yaro yana runtse wa haske. Ranar da tocilata za ta nuna fari, an riga an gama. Shi ya sa ake fara dubawa da sun cika wata ɗaya, a yi ta maimaitawa duk sati ko sati biyu, in an ga ya kai a yi aiki cikin kwana biyu ko uku. Fitilar likita ba ita ke kawo shi ba, ƙiba da kama nono kuma ba sa kare yaro daga shi. Na ce mata na yi alkawarin zuwa in sun yi wata shida. Ta ce, "Ka je ka yi me?"

Mai walda ne yake da gaskiya. Ki faɗa masa ni na ce, ki nuna masa wannan layin. Hannun da ya sa a takardar nan shi ne ya ceci Mai Barci.

Na so in taho da kaina, amma ga gwiwa, ga aikin mutane a shago. Gobe da sassafe zan je tasha in danƙa wa direba wannan hannu da hannu, ba zan bari a jefa ta cikin jakar saƙo ba. Ki zaro katin nan daga ƙarƙashin keke. Ki jefar da tocilar.

Kawunki

* * *

Kwana saba'in da biyar da haihuwa

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata dai lafiya, kai da Inna. Sau uku ke nan direba yana zuwa, yana zazzage jakar saƙo a gabana, babu taka. Na san dalili. Ka ji haushi an ƙona idon jikarka bayan ka ce kada a taɓa. Kawu, ba ni na sa hannu ba. In fushi za ka yi, ka yi da mai walda, ni na riƙe maganarka har ta shiga tsakanina da mijina. Sati uku ke nan, daga gaisuwa sai gaisuwa.

In faɗi gaskiya, aikin bai yi wa Mai Barci wata illa ba. Kwana biyu idon ya kumbura, ya sace. Sun cire mata robar iska, jibi za a sallame ta. Likita ya ce aikin ya ci, ni kuwa na ce dama tun farko ba abin da ke damunta. Nas har gida ta aiko min da takarda a kan Mai Ihu, na kunna risho da ita.

Mai Ihu kuwa ta zama ƙatuwa, hular safa ta daina shiga. Abu ɗaya ne, ba don komai ba, don dai in ji bakinka. Kwana uku ke nan in na haska na hagu ba ta runtsewa da wuri kamar na dama. Ina jin batir ne ya yi sanyi. In ka huce ka aiko min da

Kawu, direba ya zo karɓar wannan ya miƙo min taka. Ya ce a tasha ka ba shi, ya soke ta bayan marfin kare rana na gilashin motarsa ya manta, yau rana ta dame shi ya sauke marfin ta faɗo masa a cinya. Sati biyu da kwana uku tana can. Na karanta layi uku na farko. Innalillahi. Na aika a kira baban yara daga wurin aiki.

* * *

Kwana tamanin da ɗaya da haihuwa

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna nan da rai. Mai Barci tana gida, idonta biyu lafiya.

Zan faɗa maka yadda aka yi, gara ka ji daga bakina. Keken ɗinki sai da baban yara ya ɗaga shi na zaro katin. Ya yi baƙi da mai, ranar ma da ƙyar ake karanta ta, layukan nan biyu dai suna nan. Babbar nas tana ganinmu ta karɓi katin kawai. Da zagina ta yi da na fi jin daɗi. Ta bar wa wata aikinta, ta shiga mota da mu har asibitin da likitan yake zama ranar Alhamis.

Ni na riƙe ta aka sa ƙarfen. Ta yi ihun nan nata, minti biyar bai cika ba. Minti biyar, Kawu. Abin da na yi ta zuba ƙarya a kansa ke nan. Likita ya duba na dama, ya faɗa wa nas wani abu ta rubuta. Ya koma na hagu ya daɗe, ya daɗe, sannan ya kashe fitilar goshinsa, ya jawo kujera ya zauna kusa da mu.

Ya ce na dama ciwon ya yi nisa amma tantanin bai ɓalle ba, gobe da safe za a yi masa leza. Na hagu ya riga ya ɓalle. Na ce, "To a ƙona shi ma, likita, ku ƙona, na yarda, ina takardar?" Ya ce leza ba ta mayar da abin da ya ɓalle. Akwai tiyata a wani babban asibiti mai nisa, zai rubuta mana, amma ko an yi kada mu sa rai da gani. Na kalli idon. Kawu, ido ne mai kyau, irin na babanta, yana buɗe yana fuskantata.

Sai baban yara ya matso. Ya ce, "Likita, da yaushe muka kawo ta da an samu?" Likita ya ce shi ba ya son irin wannan tambayar. Baban yara ya ce, "Ina roƙonka." Likita ya ce, "Sati biyu baya, ina kyautata zaton da mun riƙe duka biyun." Baban yara ya ce, "Na gode," ya shimfiɗa katin a gwiwarsa yana goge shi da babban yatsa. Har yau bai ce min kin gani ba. Shi yake ɗiga mata magani, da hannun nan nasa mai kanta, sau huɗu a rana.

An yi na daman ranar Juma'a. Jiya Talata muka koma, ya ce ya zuwa yanzu yana riƙe.

Ban rubuto don in ɗora maka duka ba. Ni na ga layi biyu, ni na tokare keke da su, ni na ce sai dai a yanka ni. Wannan nawa ne, da shi zan shiga kabari. Kuskuren farko ma ba shi ne ke cina ba, abin da ka sani ka faɗa. Amma akwai abin da ya tsaya min a wuya. Tun ranar Asabar ka san gaskiya. Kwana biyu ne tsakaninmu a mota. Da ka hau ranar Lahadi, da ranar Talata kana zaune a barandar nan da ita a hannunka. An faɗa maka kwana biyu ko uku, ka san idon jikarka ne, sai ka ba direba takarda ka koma shago. Sati biyu ba ka ji ɗuriyata ba, ba ka taso ba. Gwiwar nan ai da ita ka je tasha.

Ga tocilarka a cikin ambulan. Na kasa jefar da ita, na kuma kasa ganinta a ɗakina.

'Yar ƙanwarka

* * *

Asabar

'Yata,

Wa alaikumus salam. Tocila ta iso. Innarki tana gaishe ku, ni kuwa ba ta yi min magana.

Ba gwiwa ba ce, ba shago ba ne. Kunya ce. Na kasa tunanin tsayawa gaban mai walda, mutumin da na mayar abin dariya a takarda, in ce masa ban san abin da nake faɗa ba. Na ga a rubuce ya fi sauƙi. Da kika yi shiru na ce kin kai ta, fushi kike yi da ni, bari in bari ki huce. Sau biyu ina haɗuwa da direba, ban tambaye shi ko ya ba ki ba, don ina tsoron saƙon da zai ce kin ba shi. Wannan ita ce gaskiyar, ba ni da wata.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Shekara biyu baya wata tsohuwa ta zo gyaran tabarau, ta ce an ba jikanta bakwaini irin katin nan. Abin da na faɗa miki shi na faɗa mata, har da dariyar. Shekaranjiya na nemi gidansu, an ce sun tashi, ba wanda ya san inda suka koma.

Ba ni da fuskar roƙon ki yafe min. In akwai abin da hannuna zai iya, ki faɗa. In kuma ba kya son ganin rubutuna, ki faɗa wa direba, zan daina.

Kawunki

* * *

Wata goma da haihuwa

Kawu,

Assalamu alaikum. Yaya gwiwa, yaya Inna? Na daɗe ban rubuto ba, ka san dalili.

Yara suna rarrafe. Mai Barci yanzu ita ce ba ta barin kowa ya runtsa, kuma tana hango maɓalli daga ƙarshen ɗaki. Mai Ihu kuwa sai ta karkata kai ta kawo abu har kan hancinta. In na shigo ta hagunta ba ta sanin na zo sai na yi magana. Tiyatar an yi, ba ta dawo da komai ba.

Likita ya ce na daman yana gani, amma na kusa kawai, ya fi nawa rauni, kuma in ba a sa mata tabarau yanzu ba zai ƙara lalacewa. Ya auna ta da wani ɗan haske da gilasai a hannu, ba tare da ta karanta ko harafi ɗaya ba. Ga takardar awon na haɗo maka.

Akwai mai tabarau a bakin asibitin, har na tsaya a ƙofarsa. Baban yara ne ya ce a'a. Ya ce, "Mutumin nan bai san cikin ido ba, amma ba wanda ya kai shi iya yanka gilashi. Kuma in ba a ba shi wani abu ya yi ba, abin zai cinye shi." Ni ban kai nan ba tukuna, ba zan yi maka ƙarya ba. Wata rana na huce, wata rana in ta juyo min da wannan idon sai abin ya dawo sabo.

Ka yi shi yadda aka rubuta, kada ka ƙara, kada ka rage. Firam na roba mai laushi, da igiya ta baya. Na auna kanta da tef ɗina, na rubuta a bayan takardar. Gefen hagu ka sa farin gilashi kawai.

Likita yana so ya gan shi a fuskarta Talata ta sama, ƙarfe tara. Kada ka ba direba. Ka kawo da ƙafarka, ka iso Litinin, kai za ka riƙe ta.

Ido Huɗu